Zane Ya Yi Tsada, Mai Zanen Fa?

Ranar 1 ga Yuli, 1889, aka yi gwanjon kayan wani attajiri a birnin Paris. Sunansa Eugène Secrétan. Ya so ya mamaye kasuwar jan ƙarfe ta duniya, kasuwar ta juya masa baya, ya karye, dole ta sa aka fito da zane-zanen da ya tara aka sa a kasuwa. A cikinsu akwai wani ɗan ƙarami, faɗinsa santimita 66, tsayinsa bai cika 56 ba, mutum ɗaya zai iya sa shi a hammata ya tafi. Namiji da mace ne a tsaye cikin gonar dankalin Turawa, rana ta yi ƙasa. Namijin ya cire hula ya riƙe ta a gabansa, macen ta haɗa tafin hannu ta sunkuyar da kai. A ƙasa tsakaninsu ga kwando da ɗan dankali, a gefe ga cebur mai yatsu a kafe, a bayan macen ga baro da buhuna. Can nesa ana hango hasumiyar coci. An buga ƙararrawar addu'ar maraice ne, suka ajiye aiki suka tsaya. Wannan shi ne zanen da ake kira Angelus, na Jean-François Millet.

Da aka zo kansa sai ɗakin gwanjo ya rikice. Wani Bafaranshe mai suna Antonin Proust yana tayawa domin zanen ya zauna a gidan tarihi na Louvre, wakilan wani kamfanin cinikin zane na birnin Niyok suna ɗorawa. Aka yi ta hawa har guduma ta sauka a kan faran 553,000. Proust ne ya ci, amma kuɗin gwamnati bai fito ba, sai Amurkawan suka karɓa suka tsallaka teku da shi. Shekara na zagayowa wani mai babban kanti a Paris, Alfred Chauchard, ya sake sayo shi a kan sama da faran 700,000, ya kuma bar wa ƙasarsa a wasiyya. Yau yana rataye a gidan tarihi na Orsay.

Shi kuwa Millet, ɗan manoma ne daga Normandi. Ya zauna a ƙauyen Barbizon tun 1849 da iyali mai yawa, 'ya'ya tara, yana zana masu shuka da masu kala da masu kiwo, a lokacin da masu kuɗin Paris ba su son ganin talaka a bangon falonsu. Wani Ba'amurke ne ya sa shi ya yi Angelus, da aka gama bai zo ya karɓa ba. A ƙarshe zanen ya bar hannunsa a kan wajen faran 1,000. Ya rasu a 1875, shekara goma sha huɗu kafin wancan gwanjo, kuma sai da Corot, shi ma mai zane, ya taimaka wa matarsa da kuɗi. Daga cikin faran 553,000 ɗin nan ko anini bai shiga gidan Millet ba, kuma babu wanda ya karya doka. An saya, an biya, ciniki ya faɗa.

Daga baya an ƙara wa labarin talaucin gidan gishiri, kamar yadda ake yi wa duk labarin da ya yi daɗi a baki. Amma tazarar da ke tsakanin 1,000 da 553,000 ba ta buƙatar gishiri. Ita ce ta tsaya wa Faransawa a rai. Jean-Louis Forain, mai zanen jarida, ya yi wani hoto da ya yaɗu: yara biyu cikin tsumma suna leƙen wurin gwanjo, ɗaya yana nuna wa ɗaya cewa wancan da ake tayawa zanen babansu ne. Lauyoyi suka fara rubutu tun shekarun 1890 cewa ya kamata mai zane ya sami wani haƙƙi da zai riƙa bin sawun aikinsa duk inda ya shiga.

Na koyar da zane a makarantar sakandare shekaru masu yawa, kuma abokaina da dama da fenti da buroshi suke ci da iyalinsu, don haka hujjar waɗannan lauyoyi ba baƙuwa ba ce a kunnena. Marubuci yana cin amfanin littafinsa duk lokacin da aka sake buga shi. Mawaƙi yana da rabo, aƙalla a takarda, duk lokacin da aka sa waƙarsa. Mai zane abu guda ya yi, sau ɗaya yake sayarwa, kuma yawanci a lokacin da ya fi kowane lokaci rauni yake sayarwa: yana matashi, ba a san shi ba, mai gida yana ƙwanƙwasa ƙofa. Na ga wani abokina ya naɗe zane uku da ya yi wata da watanni a kansu, ya ɗaure da igiyar roba, ya kai wa wani mai shagon kayan ado kusa da wani otal, ya karɓi abin da bai wuce kuɗin haya da buhun shinkafa ba. Bai yi jayayya ba, domin ranar ba ta jayayya ba ce. In Allah ya ɗaga shi nan da shekara ashirin, zanen nan uku za su yi tsada, kuma abin da zai sa su yi tsadar shi ne shekara ashirin ɗin da ya ƙara yana aiki, yana baje-koli, yana gina suna. Wanda ya saya ya rataye ne kawai ya jira.

Duk wanda ya san kasuwar shanu ko ta fili ya san la'ada. Dillali yana da rabonsa duk lokacin da kaya suka sauya hannu, ko sau goma ne, kuma ba wanda ke ganin an zalunci kowa. A kasuwar zane ma haka abin yake: gidan gwanjo yana karɓa daga mai sayarwa, ya karɓa daga mai saya, har kason da yake ɗora wa mai saya kan kai 25 cikin 100 ko fiye. Mai inshora ya ci, mai dako ya ci, mai yin firam ya ci. Mutum ɗaya ne kawai ba a sa sunansa a rabon ba, wanda in ba don shi ba babu kayan da za a taru a kai.

Sai da aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya kafin majalisar Faransa ta motsa. Masu zane da yawa sun mutu a fagen daga sun bar mata da marayu, maganar ta daina zama ta lauyoyi kaɗai. Ranar 20 ga Mayu, 1920, aka kafa dokar farko a duniya a kan wannan haƙƙi. Kason kaɗan ne, tsakanin 1 zuwa 3 cikin 100 na farashi gwargwadon tsadar aikin, kuma a gwanjon da aka yi a bainar jama'a kaɗai. Amma ka lissafa kashi 3 na faran 553,000: ya haura 16,000, wato ninki goma sha shida na abin da Millet ya karɓa da hannunsa.

Abin da na fi yabawa a dokar shi ne sharaɗin da ya hana mai zane sayar da wannan haƙƙi ko yafe shi. Wani zai ce an tauye masa 'yanci, ai kayansa ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa gaban mai shago da zane a naɗe ba. Da ana iya yafewa, da kowane dillali ya buga takardar yafewa ya ajiye a aljihun tebur, kuma da babu matashin da zai ƙi sa hannu. Waɗanda suka rubuta dokar sun san wanda ke da ƙarfi a wurin ciniki, suka ɗaure hannun mai rauni domin kada a murɗe shi.

Beljiyam ta bi sahu a 1921, wasu ƙasashe suka biyo a hankali. A 1948, a taron birnin Burasal, aka shigar da haƙƙin cikin Yarjejeniyar Bern, wadda ita ce uwar dokokin haƙƙin mallakar fasaha a duniya. Sai dai an shigar da shi da gurguwar ƙafa. Ba a tilasta wa kowace ƙasa ba, kuma aka mai da shi ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda: ƙasa ba sai ta biya mai zane baƙo ba in ƙasarsa ba ta da irin wannan doka. Har yau a haka ake.

Labarin Amurka ya fi kowanne hayaniya. Robert Scull mai kamfanin tasi ne a Niyok, shi da matarsa Ethel suka yi ta sayen ayyukan matasan masu zane tun ba a san su ba. Ranar 18 ga Oktoba, 1973, ya kai guda hamsin gidan gwanjo na Sotheby Parke Bernet, aka tashi da sama da dala miliyan 2 a dare ɗaya. A ciki akwai wani aikin Robert Rauschenberg mai suna Thaw, wanda Scull ya saya dala 900, ya sayar dala 85,000. Rauschenberg yana cikin ɗakin, da ransa da lafiyarsa. Da aka tashi ya nufi Scull, ya ture shi a gaban masu ɗaukar hoto, ya ce masa shi ne yake ta fama da aiki domin wani ya kwashi riba. Scull ya mayar masa cewa ai gwanjon ya ɗaga farashin duk abin da zai zana nan gaba, shi ma ya yi masa aiki ke nan.

Maganar Scull ba shirme ba ce, kuma ba na son in wuce ta da sauri. Gaskiya ne ya yi kasada da kuɗinsa a lokacin da wasu ke dariyar irin waɗannan ayyuka. Gaskiya ne farashin Rauschenberg ya tashi bayan wannan dare. Masu adawa da kason suna ƙarawa da cewa in zane ya faɗi a kasuwa mai zane ba ya zuwa ya raba asara, don me zai zo raba riba? Suna cewa mafi yawan zane-zane ba a sake sayar da su ko sau ɗaya, saboda haka kuɗin yana tafiya ne ga waɗanda suka riga suka ƙoshi da magadan mashahurai irin su Picasso da Matisse. Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin a Turai kaso mai tsoka gidajen manya yake shiga. Amma haka kuɗin littafi yake, haka na waƙa, kuma ban ji an ce a soke haƙƙin marubuta domin mashahurai sun fi samu ba. Game da asara kuwa, mai zane ya riga ya ɗauki tasa tun farko, ranar da ya sayar da arha, da kuma duk ayyukan da suka tsufa a ɗakinsa ba mai taya. Amsar Scull ma mai rai da ƙarfin aiki kaɗai take yi wa amfani. Wanda ya makance, ko ya tsufa, ko ya mutu ya bar yara, tashin farashi ba ya sa masa komai a tukunya.

Rauschenberg ya shiga yawon neman doka. Jihar Kalifoniya kaɗai ta amsa, a 1976, da kashi 5 cikin 100 a kan cinikin da ya kai dala 1,000. Aka yi ta ja da ita a kotu, ana bin ta sama-sama, har a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dokar haƙƙin mallaka ta ƙasa ta shafe ta a duk cinikin da aka yi daga farkon 1978. An sha kai ƙuduri majalisar tarayya, bai taɓa wucewa ba. Kasuwar zane mafi girma a duniya har yau ba ta biyan mai zane komai in an sake sayar da aikinsa.

A Turai Ingila ce ta daɗe tana turjiya. Manyan gidajen gwanjo na Landan suka ce in aka kawo kason, masu kaya za su kwashe su kai Niyok ko Siwizalan, kasuwa ta mutu. Tarayyar Turai ta yi dokarta a 2001, kuma saboda wannan turjiya aka sassaƙe ta har ta rame. Kashi 4 ne a kan yuro 50,000 na farko, kashi 3 daga nan zuwa 200,000, sai ya yi ta raguwa har ya koma kwata na kashi ɗaya a kan abin da ya haura 500,000. Aka kuma yi masa rufi: duk tsadar zane, mai shi ba zai karɓi fiye da yuro 12,500 ba. Wato daga yuro miliyan 2 zuwa sama, kason ya tsaya cak. Zanen da aka sayar miliyan 50, abin da mai zane zai samu bai kai kuɗin dakonsa da inshora ba. Ingila ta fara aiki da dokar a 2006 ga masu rai, a 2012 ga magada, har shekara saba'in bayan mutuwa. Kasuwar Landan ba ta mutu ba, kuma ko da ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai ba ta soke dokar ba. Ƙungiyar DACS, wadda masu zane suka kafa a 1984, ta raba sama da fam miliyan 100 ta wannan hanya. Aikinta shi ne bin gidajen gwanjo da dillalai su kawo jerin abin da suka sayar, ta karɓi kason, ta nemo mai shi ko magadansa ta ba su.

Inda na fi ganin fuskarmu a wannan tarihi shi ne Ostireliya. A 1971, a wani matsuguni da ake kira Papunya cikin hamada, dattawan 'yan asalin ƙasar suka fara zana labaran kakanninsu a kan guntayen katako da fentin kanti, da ƙarfafawar wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon. Ɗaya daga cikinsu, Johnny Warangkula Tjupurrula, ya yi wani zane a kan ruwa da wurin da ake kira Kalipinypa, ya sayar dala 150 ta ƙasar. A 1997 aka sayar da shi sama da dala 200,000, a 2000 aka sake sayarwa dala 486,500. A lokacin yana nan da rai, tsoho, ido ya raunana, yana cikin talauci. Ya rasu a 2001. Wani babban zanen Clifford Possum Tjapaltjarri mai suna Warlugulong, wanda aka fara saya dala 1,200, ya kai dala miliyan 2.4 a 2007, shekara biyar bayan rasuwarsa. Kunyar waɗannan labarai ce ta haifi dokar 2009, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2010: kashi 5 cikin 100, ba rufi, a kan duk cinikin da ya kai dala 1,000. Mafi yawan waɗanda suka karɓa 'yan asalin ƙasar ne, kuma yawancin kuɗin ɗari-ɗari ne, ba dubbai ba. Wanda ke zaune a birni zai raina. Tsohuwar da ke zane a ƙarƙashin rumfa, mai jikoki a gabanta, ba za ta raina ba. Ga wani amfani da ba a cika faɗa ba: tare da kuɗin ana sanar da mai zane cewa an sayar da aikinsa kaza a kan kaza. Daga ranar ya san darajar hannunsa, dillali na gaba ba zai same shi a duhu ba.

To mu fa? Da yawa daga cikin masu zanenmu ba su san cewa Nijeriya tana da wannan haƙƙi a rubuce tun dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ba. Dokar ta ce mai zane da mai sassaƙa, har da mai rubutun hannu na asali, suna da rabon da ba a iya sayarwa a duk cinikin da aka yi ta gwanjo ko ta hannun dillali, ta kuma bar wa hukumar haƙƙin mallaka ta tsara yadda za a yi. Sabuwar dokar 2022 ta riƙe shi. Wato a takarda mun riga Ingila da shekara goma sha takwas. Amma a duk zamana da masu zane, daga Zariya zuwa Kaduna zuwa Abuja, ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce an kira shi an ba shi kason sake sayarwa ba.

Kuma ba don babu kasuwa ba ne. Tun 2008 ana gwanjon zane a Legas a kai a kai. A watan Fabrairun 2018 gidan gwanjo na Bonhams a Landan ya sayar da Tutu, hoton gimbiyar Ife da Ben Enwonwu ya zana a 1974, a kan fam miliyan 1.2, bayan an gano shi a wani gida a arewacin Landan. Enwonwu ya rasu tun 1994. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, ayyukansu suna cikin kundin manyan gidajen gwanjo. Tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar gina tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ana sayar da su dubban fam a Ingila. Ta rasu a 1984, hotonta yana bayan takardar naira ashirin. Shekara saba'in ba ta cika ba a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane.

Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne cewa duk inda kason ya isa hannun mai shi, akwai wanda ya zauna ya riƙe littafi. A Faransa da Ingila da Ostireliya akwai ƙungiya mai ofis da ma'aikata, akwai tilas a kan dillali ya bayyana ciniki, akwai rajistar masu zane da ta magadansu. Mu kuwa cinikinmu na baki da baki ne, sau da yawa ba rasit, ba a rubuta ranar da aka yi zane, wani lokaci ko sa hannu babu. Ina gaya wa tsofaffin ɗalibaina su sa hannu da shekara a gaba, su rubuta sunan aikin da girmansa a baya, su ɗauki hotonsa kafin ya fita, su sami littafi guda su riƙa shigar da sunan mai saya da abin da ya biya. Ranar da ƙungiyar karɓar kason za ta tsaya da ƙafarta a ƙasar nan, wannan littafi za ta fara tambaya, kuma ƙungiyoyin Landan da Paris sai da irinta suke ƙulla musaya.

A matakin duniya ma Afirka ce ta sake tayar da maganar. Ousmane Sow, mai sassaƙa ɗan Senegal, ya yi ta kira a mai da haƙƙin ya zama tilas a ko'ina, kuma a 2015 Senegal da Kongo suka nemi hukumar kula da mallakar fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba ta sa batun a ajandarta. Hujjarsu a fili take: ayyukan masu zanen Afirka ba a gida suke yin tsada ba, a Landan da Paris da Niyok da Hong Kong ne, kuma muddin haƙƙin yana hannun ganin damar kowace ƙasa, su ne za su fi kowa rasawa. Sow ya rasu a watan Disambar 2016. Fiye da ƙasashe tamanin suna da haƙƙin a dokokinsu, da yawa a takarda kawai kamar mu, New Zealand ta fara biya a ƙarshen 2024, Amurka da Sin da Siwizalan kuwa har yanzu suna waje.